Gonar da ta ƙi karɓar jan launi

Na daɗe ina aikin zanen taswira, kuma kwamfuta ta sha ba ni wahala iri-iri, amma ban taɓa mantawa da wata ranar Litinin ba, ana saura 'yan makonni damina ta faɗi, ranar da gona ɗaya tak ta tsare ni a kujera tun safe har la'asar. Nakan ba sababbin ma'aikata labarin, musamman waɗanda nake gani suna saurin kiran mai gyara da zarar manhaja ta rufe kanta.

Sunana Rifkatu. Daga Filato na zo Gumel, lokacin da aka kawo maigidana koyarwa, na samu aiki a ofishin wani safiyo mai zaman kansa, wato mai awon ƙasa. Mu uku ne ke riƙe da aikin. Alhaji Mudi shi ne mai ofishin, shi ke da lasisi, shi ke sa hannu da hatimi, saboda haka duk abin da ya ɓaci sunansa ne zai ɓaci. Malam Issufu shi ke fita daji da na'urar awo. Mutumin Maigatari ne, amma a Damagaram ta Nijar ya yi karatu da Faransanci ya koyi sana'ar, shi ya sa har yau littafin rubutu kaye yake ce masa. Ni kuma nawa shi ne zama gaban kwamfuta.

Ga yadda aikin yake, don wanda bai sani ba. Malam Issufu zai je kowace kusurwar fili ya kafa sandar na'urarsa, ita kuma ta ba shi lambobin wurin: lambar gabas, lambar arewa, da ta tudu. Idan ya dawo sai ya ba ni jerin lambobin nan a fayil. Ni kuma in zuba su cikin manhajar zane, kowace kusurwa ta fito a matsayin ɗigo, in haɗa ɗigo da ɗigo da layi har fili ya rufu. Daga nan sai in yi masa ciko, wato in cika cikinsa da alama. Gona ƙananan ɗige-ɗige muke zuba mata, hanya kuma mu bar ta fara.

A shekarar nan wani kwamitin dattawa na manoma da makiyaya a yankin Sule Tankarkar ya ba mu aiki. Akwai wani tsohon burtali da ya ratsa gonakin wani ƙauye kusa da Ɗanzomo, wanda duk damina sai an yi cacar baki a kansa. Makiyaya su ce an matse hanyar shanu, manoma su ce an yi musu ɓarna. Dattawan suka ce a auna burtalin da gonakin da ke gefensa, a zana, duk gonar da ta ci burtali a shafa mata ja, a rubuta yawan abin da ta ci, mai ita ya ja baya kafin shuka. An sa zama ranar Laraba, domin Alhamis duk ardo da ɗan kasuwa na Maigatari suna cin kasuwa.

Ranar Juma'ar da ta gabaci zaman na gama haɗa layukan cikin gaggawa, domin sakataren kwamitin yana zaune a barandarmu yana jira ya ga gwaji. Na buga masa a ƙaramar takarda, baƙi da fari. Ya bi da yatsa yana rubuta sunayen waɗanda suka shiga burtali. Gonaki shida ne. Biyar ɗan gefe-gefe suka gutsura. Ta shida kuwa, wadda ke can ƙasan takardar ta kudu, daidai inda burtalin ya yi kwana, ba gutsura ta yi ba, ratsa shi ta yi gaba ɗaya ta wuce har ta fita daga takardar. Sakataren ya daɗe yana kallo, ya ce wannan ai gonar Malam Haruna ce, shi kam bai yi zaton haka daga dattijon nan ba, amma tunda na'ura ta nuna, shi ke nan. Ya rubuta sunan ya tafi. Malam Issufu ba ya nan ranar, yana wani aiki a Gagarawa, bai ga zanen ba.

Litinin da safe na zauna shafa ja. Aiki ne mai sauƙi: ka kai kibiya kan gona, ka danna linzamin kwamfuta ka zaɓe ta, ka sauya mata launi, ka karanta girmanta a wani ɗan akwati da ke gefe. Gonaki biyar na gama su kafin shayina ya huce. Na kai kibiya kan gonar Malam Haruna na danna. Kibiyar ta koma zobe tana juyi, fuskar kwamfutar ta yi fari-fari kamar an watsa mata koko, can sai manhajar ta rufe kanta ba ko sallama. Duk jan da na shafa ya tafi, don ban adana ba.

Na sake buɗewa. Buɗe fayil ɗin nan kuwa ba abin wasa ba ne, yana ɗaukar lokacin da za ka je bakin titi ka sayi ƙosai ka dawo. Na sake shafa wa biyar ɗin, wannan karon na adana, na sake danna ta shida. Ta sake mutuwa. Na uku ma haka.

Alhaji Mudi ya shigo wajen ƙarfe goma ya same ni na yi tagumi. Na nuna masa da idonsa. Shi damuwarsa lokaci ne, domin ba mu da injin buga babbar taswira a Gumel. Sai mun tura fayil Kano ta waya, a buga, a ba direba ya kawo. Idan bai tafi ba kafin azahar ɗin Talata, to ba taswira a zaman Laraba. Ya kira wani mai gyaran kwamfuta da muke hulɗa da shi, mutumin ya zo ya ɗan taɓa nan ya taɓa can, ya ce bairos ne, a bari ya tafi da ita ya wanke ta gaba ɗaya ya zuba sabuwar manhaja, gobe da yamma a karɓa. Na ce masa ya yi haƙuri tukuna. Bairos ɗin da zai bar gonaki fiye da talatin ya kama ɗaya, ban taɓa jin irinsa ba.

Da ya tafi sai Alhaji ya ce, "Malama Rifkatu, kada mu wahalar da kanmu. Ki tura shi a haka. Idan an kawo takardar sai ki sa jan biro ki shafe gonar da hannu, girman kuma mu auna da rula. Ai da can haka muke yi kafin kwamfuta."

Maganarsa ba ta rasa hujja ba. Da hannu ya koyi zane, kuma har yau layinsa ya fi na wasu masu kwamfuta miƙewa. Ni ma ba zan ce na san akwai kuskure a gonar ba, ban sani ba. Abin da ke raina kawai shi ne ba na son abin da ban gane dalilinsa ba ya fita ɗauke da hatiminmu. Na ce, "Ranka ya daɗe, ka ba ni zuwa la'asar. Idan ban gano ba, ni da kaina zan sayo jan biron." Ya duba agogo, ya ce to, amma la'asar la'asar ce.

Abu na farko da na yi shi ne kwafe fayil ɗin gida uku, na ajiye na asali a filash na sa a jaka. Wanda zai yi bincike kada ya yi shi a kan na asali, don wani lokaci garin gyaran gira ake rasa ido.

Sai na tambayi kaina, ciwon a kwamfuta yake ko a fayil? Na buɗe wasu tsofaffin ayyuka, na filayen Gagarawa da na wata makaranta a Maigatari, na yi ta zaɓar abubuwa a cikinsu, babu wanda ya motsa. Na ari ƙaramar kwamfutar Alhaji ta hannu, na buɗe kwafi ɗaya a kanta, na danna gonar. Ita ma ta mutu, har ta fi tawa saurin mutuwa. To, kwamfutata ta fita daga zargi. Ciwon yana cikin fayil.

Manhajar tana da wani umarni nata na binciken kanta, wanda ke bin zane abu-abu yana neman wanda ya lalace ya gyara. Na sa shi. Ya daɗe yana aiki, ya dawo ya ce bai ga kuskure ko ɗaya ba. Wannan ya ɗan karya mini gwiwa, don a nan na sa rai. Daga baya na gane gaskiya ya faɗa, babu abin da ya lalace a zanen. Amma a lokacin ji na yi kamar likita ya ce lafiyarka ƙalau alhali kana jin zazzaɓi.

Na so in tabbatar gonar nan kaɗai ce, ko akwai wasu. Maimakon in bi su ɗaya-ɗaya, kowace mutuwa kuma tana cinye mini lokaci mai yawa, sai na riƙa raba zanen biyu. Na ja akwati na zaɓi rabin arewa gaba ɗaya, lafiya. Rabin kudu, ta mutu. Na raba kudun biyu, ɓangare ɗaya lafiya, ɗaya ya kashe ta. Haka na yi ta matsewa har ya rage gonar Malam Haruna ita kaɗai. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, muka koma kan batirin sola, wanda ba ya iya ɗaukar fanka da kwamfuta tare. Na kashe fanka. Wanda ya san zafin Gumel kafin ruwan farko ya san abin da nake nufi.

Wajen azahar Alhaji ya leƙo zai tafi masallaci, ya tambaya ko da labari. Na ce na san inda ɓarawon yake kwana, amma ban ga fuskarsa ba tukuna. Ya yi murmushi ya wuce.

Sai na yi tunani, gona a zane ba abu ɗaya ba ce. Akwai layin iyaka, akwai cikon ɗige-ɗige, akwai rubutun sunan mai ita. Idan na danna tsakiyarta, wanne na taɓa a cikinsu? A manhajar zane kowane irin abu muna ajiye shi a leyarsa, kamar takardu masu shara-shara da aka jera kan juna, kana iya zare ɗaya ka bar saura. Na zare leyar rubutu, na danna, ta mutu. Na sake buɗewa, na zare leyar ciko gaba ɗaya, gonakin suka zama fili fetal sai layukan iyaka. Na kuma rufe ɗan akwatin gefen nan mai lissafa girma, don kada ya ɗora mata wani aiki. Na kai kibiya kan layin iyakar Malam Haruna, na yi addu'a a zuciyata, na danna.

Layin ya zaɓu. Kwamfutar ba ta ko yi tari ba.

Na san ke nan cikon ne ke kashe ta. Saura dalili, tunda irin cikon da na zuba wa sauran gonakin ne. Na ba manhajar umarnin ta jero mini kusurwoyin layin da lambobinsu. Kusurwa biyar ce. A yankinmu lambar arewa doguwa ce, miliyan ɗaya da ɗoriya, domin daga layin da ya raba duniya biyu ake fara ƙirga ta da mita. Kusurwoyi huɗu haka suke. Ta biyar, lambar arewarta sittin da bakwai ce kacal.

Na ɗauka idona ne. Na danna umarnin da ke janyo zane baya ya nuna duk abin da ke cikinsa a fuska ɗaya. Sai duk aikinmu, burtali da gonaki da komai, ya koma wani ɗan ɗigo a can saman fuskar kwamfutar, daga jikinsa kuma wani siririn zare ya zubo har ƙasa. Kusurwar kudu ta gonar Malam Haruna ta bar ƙauyensu, ta bar Jigawa, ta bar Najeriya ma, ta je ta sauka can wajen bakin teku. Layukan gefe biyu da ya kamata su haɗu a tsini kafin burtali, sai suka miƙe kudu santal suna bin ta. Ni kuma da yake kullum a cikin iyakar takarda nake aiki, abin da na gani shi ne gona ta ratsa burtali ta fita daga takarda, na ɗauka haka take a ƙasa. Duk tsawon nan kuwa, fiye da kilomita dubu, na cika shi da ƙananan ɗige-ɗige. Duk lokacin da na danna, cewa nake yi kwamfutar ta ɗauko su duka a lokaci ɗaya ta haskaka mini. Ina za ta iya?

Sai a lokacin na tuna cewa ranar Juma'a da na zuba wa gonar ciko, kwamfutar ta sandare ta daɗe. Na ce tsufa ne, na fita na gaisa da sakatare, na dawo na tarar ta gama. Tun ranar ta yi mini magana, ni ce ban saurara ba.

Na buɗe jerin lambobin da Malam Issufu ya ba ni. A irin wannan jeri, kowane layi kusurwa ɗaya ce, kuma waƙafi ne ke raba lambar gabas da ta arewa da ta tudu. A cikin lamba kuma, ɗigo ne ke raba mita da santimita. A layin kusurwar nan, inda ɗigo ya kamata ya zauna a lambar gabas, waƙafi ne a wurin. Manhajar ta ga waƙafi ta ce lambar gabas ta ƙare, ta ɗauki santimita sittin da bakwai ɗin ta mai da su lambar arewa, ainihin lambar arewar kuma ta tura ta gidan tudu, inda ba na dubawa.

Na kira Malam Issufu a waya yana Gagarawa. Ya tuna ranar sarai. Ya ce da yammacin da suka auna gonar, memorin na'urar ya ƙi adana kusurwoyin ƙarshe, sai ya karanta su a fuskarta ya rubuta a kaye, da ya dawo ya buga su da hannu a ƙarshen jerin. Na karanta masa layin.  Ya ce, "Innalillahi. Madam, mu a makarantarmu ta can waƙafi muke sawa a nan wurin. Shekara nawa ina kiyayewa, ranar nan hannuna ya koma gida." Ya tambayi yadda gonar ta fito a zane. Da na gaya masa, ya ce gonar Malam Haruna tsini gare ta kamar bakin garma, ba ta ko kai burtali ba, shi da ƙafarsa ya taka ta.

Na ce masa kada ya ɗauki laifin shi kaɗai. Ƙa'idar aikina ce in karanta jerin layi-layi kafin in zuba, in kuma janyo zanen baya in kalle shi gaba ɗaya bayan na zuba. Duka biyun ban yi ba, saboda baƙo na jira a baranda.

Haka na gaya wa Alhaji da ya dawo daga la'asar. Na nuna masa zaren nan mai zubowa, na nuna masa waƙafin, na ce nawa sakacin ya fi na Malam Issufu, don ni ce ƙofar ƙarshe. Ya zauna a kujerar baƙi, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Bai yi faɗa ba. Sai dai ya ce, "Da yanzu na sa ki shafa wa bawan Allah ja da hannunki, ni kuma in buga hatimi a kai." Na ce zan gyara lambar yanzu in tura Kano. Ya ce a'a. Sunan mutum ya riga ya fita, ba za a mai da shi daga kan tebur ba. Gobe da sassafe mu uku za mu je a sake auna kusurwar a gaban mai ita.

Ni ba kasafai nake fita daji ba. Mun bar Gumel rana ba ta yi zafi ba, muka sauka daga kwalta bayan Ɗanzomo muka shiga yashi. Ko'ina ana sharar gona, ana tara kara ana ƙonawa, amalanke na kai taki. Mun sami Malam Haruna a gonarsa, dogon dattijo siriri, da manjagara a hannu. Na lura an zuba taki tsibi-tsibi a arewacin gonar, amma kudancinta ba ko ɗaya.

Labari ya riga mu zuwa. Tun ranar Asabar aka gaya masa sunansa na cikin waɗanda suka ci burtali, har ma an ce nasa ya fi na kowa. Bayan an gaisa, ya ce shi ya hana a kai taki kudu, sai ya ji hukuncin Laraba. Yana magana a hankali, ba ya kallon kowa a cikinmu. Ya ce, "Alhaji, ba ƙasar ce ta dame ni ba. In dattawa suka ce in ja baya zan ja, ko rabin gonar ne. Amma ni ne nake tsayawa a garin nan ina yi wa mutane faɗa su bar hanyar dabbobi. Mahaifina ya yi mini kashedi a kanta kafin ya rasu. Kwana uku ke nan ina jin kunyar zama a ƙofar masallaci."

Alhaji ya ce ya nuna mana iyakarsa ta kudu. Ya wuce gaba muka bi shi har wata tsohuwar aduwa, inda jeri biyu na gamba suka zo suka haɗu. Malam Issufu ya kafa sanda a gindinta, muka tsaya muna jiran na'ura ta nutsu. Da lambobin suka fito, ya buɗe kayensa ya miƙo mini, ni ina karanta na kaye, shi yana karanta na na'ura. Suka zo daidai, sai ɗan bambancin da bai kai taƙi ba. Daga gindin aduwar Malam Issufu ya taka zuwa bakin burtali yana ƙirgawa, ya wuce taku goma kafin ya isa. Dattijon bai ci burtali ba, nasa ma ya bar wa burtalin.

Alhaji ya juyo ya ce in yi bayani, tunda ni na gano. Na rusuna na ce, "Baba, ka yafe mana. Gonarka ba ta taɓa burtali ba. Kuskure ne daga ofishinmu, kuma ta hannuna ya wuce." Na yi ƙoƙarin kwatanta masa yadda abin ya faru, cewa wata 'yar alama da ba ta kai ƙwayar gero ba ce ta ja gonarsa har teku, kuma duk lokacin da na zo shafa mata ja sai kwamfutar ta mutu.

Ya jingina manjagarar a jikin aduwa ya zauna a ƙasa. Ya shafa fuska da hannu biyu yana hamdala a hankali. Can ya ɗago ya ce, "'Yata, ita na'urar wa ya gaya mata ƙarya ce?" Na ce babu wanda ya gaya mata, Baba, nauyi ne ya fi ƙarfinta. Ya ce to shi dai ya san wanda ya ɗora mata nauyin, ikon Allah ne. Ban yi masa musu ba, don ni ma abin da ke zuciyata ke nan.

Daga nan gindin aduwa Alhaji ya kira sakataren kwamiti, ya sa wayar a fili yadda dattijon zai ji, ya ce a soke sunan Malam Haruna yanzu, kuskuren ofishinsa ne. Da za mu tafi, dattijon ya sa aka kawo mana riɗi a ƙwarya. Alhaji ya ce mu da muka yi laifi ba mu cancanci tukwici ba. Ya ce ba tukwici ba ne, baƙo ba ya barin gona hannu rabbana.

Mun iso Gumel da sauran lokaci. Na share tsohon cikon tun leyar tana rufe, na mai da kusurwar gidanta, na sake zuba ciko, ya zauna kafin in ɗauke yatsa daga linzami. Na danna gonar sau goma ina zaɓa ina saki, don kawai in ji daɗi. Fayil ɗin da ke ɗaukar tsawon sayen ƙosai ya koma buɗewa nan take. Na karanta duk jerin lambobin daga farko har ƙarshe da babbar murya, Malam Issufu na bi a kaye, sannan muka tura Kano kafin kiran azahar. Sai da na ga saƙon ya tafi na lura ban ci komai ba tun safe.

Ban je zaman Laraba ba, Malam Issufu ne ya ba ni labari. Ya ce kafin a warware taswirar Alhaji ya miƙe a gaban jama'a ya faɗi abin da ya faru, bai ɓoye komai ba, bai kuma ambaci sunana ko nasa ba, ya ce ofishinsa ne ya yi kuskure ya kuma gyara. Wani ardo ya ce su dama tun da suka ji sunan Malam Haruna a jerin suka fara shakkar awon gaba ɗaya, don shekara da shekaru shanunsu na bi ta gindin aduwar nan ba su taɓa matsuwa ba. Da an kawo takarda da ja a gonarsa, da su ma ba za su yarda da ita ba, sauran biyar ɗin kuma da sun sami hanyar cewa duk aikin banza ne. Da yake an gyara, biyar ɗin suka karɓi nasu ba gardama mai yawa, aka kafa turaka kafin ruwa ya sauka.

Abin da nake so ku ɗauka a nan, ku da kuka shigo aikin yanzu, ba wai kwamfuta tana da tausayi ba ne. Ba ta san Malam Haruna ba. Tsohuwa ce kawai mai ƙaramin ƙarfi, aka ɗora mata abin da ba za ta iya ɗauka ba. Da irin sababbin nan ne da kuke aiki da su yanzu, mai yiwuwa da ta daure ta ɗauka, da na shafa jan na tashi na tafi gida da kwanciyar hankali. Saboda haka idan manhaja ta mutu a kan abu ɗaya, ta sake mutuwa a kansa, kada ku zagaye shi don ku cika alkawarin lokaci. Ku ajiye kwafi, ku raba kwamfuta da fayil, ku matse har ku kai ga abin, ku tambaye shi lambobinsa. Sau da yawa ba manhajar ce ta lalace ba, mu ne muka ba ta ƙarya ta kasa haɗiyewa. Mutanen da muke yi wa aiki kuwa ba za su iya bincikar mu ba. Sakatare ya san dattijon nan shekara da shekaru, amma da ya ga layi a takarda sai ya gaskata layin ya bar abin da ya sani. Wanda aka ba irin wannan amana, ba ya da ikon yin gaggawa.